Haƙƙin 'Yan Karɓi: Ƙungiyar Makaɗa a Ƙasar Sakkwato da Takwararta ta Amurka

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega, in dai yana da ɗan rabo daga ilmin tarihi, ba zai gifta Sifawa ba face ya tuna cewa a nan ne Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya zauna tun daga wajen 1810 har 1815 da ya koma Sakkwato, alhali ƙanensa Malam Abdullahi yana kusa da shi a Boɗinga. Abin da ba kasafai ake tunawa ba shi ne, cikin mas'alolin da waɗannan manyan malamai biyu suka yi saɓani a kansu a wancan zama, kowa yana wallafa littafi yana kafa hujjarsa cikin ladabi, har da mas'alar kiɗa da bushe-bushe. Saboda haka mutanen Lambara da maƙwabtansu, waɗanda gonakinsu ke shimfiɗe tsakanin Boɗinga da Shagari, in suka ce a ƙofar gidansu aka yi muhawara mafi nauyi da aka taɓa yi a kan ganga a ƙasar Hausa, ba su yi ƙari ba.

Asalin maganar kuwa, da fari Shehu ya tsananta ƙwarai a kan kayan kiɗa, yana lissafa su cikin al'adun sarakunan Haɓe da ya wajaba a kawar, bai yi rangwame ba sai ga gangar da ake bugawa don yaƙi ko don tara jama'a, da bandirin da shari'a ta yarje a wurin aure. Amma da mulki ya tabbata a hannun jama'a, ya kuma ga yadda waɗansu almajirai ke gaggawar fasiƙantar da mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai ya bayyana cikin Misbahu li Ahli Hazaz Zamani a 1808, sa'an nan cikin Najmul Ikhwani, cewa fuƙaha'u sun yi ihtilafi a wannan babi, abin da malamai suka saɓa a kansa kuwa ba a tsananta inkari ga wanda ya bi ɗaya daga zantuttukansu. Malam Abdullahi bai gamsu ba, ya tsaya a kan mashahurin zancen mazhaba cikin Liya'us Sulɗani, don shi tsoronsa kada sarautar da aka sha wuya aka rushe ta komo da alkyabbarta da tamburanta. Zamani ya gaskata tsoron Malam Abdullahi, ya kuma yi aiki da sassaucin Shehu. Ba a yi nisa ba tambari da kakaki da algaita suka koma ƙofar fada, makaɗi kuwa, da yake ya san ba a karɓe shi ba sai bisa sharaɗi, ya ari harshen malamai, yana buɗe waƙa da ambaton Allah da salatin Annabi, yana yabon ubangidansa da adalci da tsare salla da jinin Shehu kafin ya kai ga doki da takobi. Ko da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun tarar da wuya a sami uban ƙasar da ba shi da makaɗansa, su kuma ba su taɓa wannan tsari ba, don da sarautar suke nufin yin mulki.

To, abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi, a wannan ƙasa ba a san makaɗin fada yana tafe shi kaɗai ba, ƙungiya ce mai tsari da muƙamai. Akwai jagora, wanda ke ɗauko waƙa, da sunansa kuma ake kiran jama'ar duka. Akwai 'yan karɓi, waɗanda mutanen gabas ke ce wa 'yan amshi, galibi su ne ke rataye da kotso ko taushi, hannu na kiɗa baki na karɓi a lokaci guda. Akwai kuma sanƙira, mai tsayawa a gefe yana warware wa taro abin da waƙa ta dunƙule, yana kururuta kyautar da aka yi don marowaci ya ji kunya. Wanda bai sani ba yakan ɗauka aikin 'yan karɓi maimaita gindin waƙa ne kurum, alhali kuwa jagora yakan fara ɗa ya sake shi a tsakiya su cafe su ƙarasa, yakan faɗi magana ɗaya su yi masa ƙari da uku, in numfashinsa ya yanke su riƙe waƙar har ya dawo, in ya yi mantuwa su tuna masa ba tare da taro ya farga ba. Kafin a kai waƙa gaban sarki kuwa, sai an kwana ana tuƙa ta a gida, wannan ya kawo kalma, wancan ya ce ba ta hau kiɗi ba, a sauke ta a nemo wata, har ta zauna daram. Duk wanda ya saurari Ɗanƙwairo da kunnen basira, ya auna abin da ya fito daga bakinsa da abin da ya fito daga bakin mutanensa, zai tarar sau da yawa nasu kason ya rinjayi nasa.

Sana'ar ta gado ce, karɓi kuma shi ne makarantarta. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, haifaffen Ɗankadu ta ƙasar Bakura, wanda ya rasu a 1991, ya yi shekaru yana karɓi a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sa'an nan a bayan wansa Abdu Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiya. Da ya ja ta kuwa ya raba wa mutanensa sarautu irin na fada, shi ya sa ake jin Daudun Kiɗi da Marafan Kiɗi a bakinsa. Abin da aka samu, ko doki ne ko riga da rawani, ko damman gero, ko mota da kujerar Makka da aka shiga bayarwa daga baya, jagora ke ɗaukar babban kaso, saura a raba bisa daraja da daɗewa. Amma a wuyansa auren yaransa yake, da ragon sunan 'ya'yansu, da cinsu a shekarar da damina ta yi gardama. Ba na cewa rabon nan kullum adalci ake yi a cikinsa, don tun da can babu abin da ke watsa ƙungiyar makaɗa kamar rabo, sai dai ɗan karɓi ya san yana da uba, in ya tsufa kuma ba a jefar da shi.

Shekarun 1950, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku wanda ya hau gadon sarauta a 1938, su ne ganiyar wannan sana'a. A Isa, Ibrahim Narambaɗa na Tubali yana zaune a inuwar Sarkin Gobir Amadu, yana fitar da waƙoƙin da har yau malaman jami'a ke yi wa sharhi kamar yadda ake yi wa ƙasidun Larabawa, musamman Bakandamiyarsa da waƙar Dokin Iska. A birni ga Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, wanda Allah ya yi wa tsawon rai har 1973. Aliyu Ɗandawo mutumin Shuni ne, nan kusa, ko da yake arziki ya kai shi Argungu ya ƙare a Yawuri, inda ɗansa Sani ya gaje shi. Sa'idu Faru kuwa ya lazimci Sarkin Kudu Muhammadu Maccido tun shekaru da dama kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Talakan ƙauye shi ma yana da nasa, gangar noma ranar gayya, da kalangun dambe in kaka ta yi, inda Ɗan Anace ya ɗaukaka Shago har sunansa ya wuce na sarakuna da yawa. Waƙa a wancan zamani ba ta da ma'aunin ɗaukaka sai bakin mutane. In fatake suka ɗauke ta daga kasuwa zuwa kasuwa, mata suka sa ta a bakin turmi, yara suka kwaikwaye ta a dandali, to ta shahara, kuma hakan yakan ɗauki shekaru, amma in ta zauna ta zauna ke nan.

A daidai waɗannan shekaru, can ƙetaren teku, wata ƙungiyar makaɗa ta sami a wata huɗu abin da Narambaɗa bai samu a shekara arba'in ba ta fuskar yawan masu saurare. Ranar 12 ga Afrilu 1954 waɗansu Turawa daga jihar Fensilbeniya suka shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Decca a birnin Niyok. Jagoransu Bill Haley ne, haifaffen 1925, shekarar da aka haifi Alhaji Shehu Shagari. Da can kiɗan makiyayan Amurka suke yi da sunan Saddlemen, sai a 1952 suka koma Comets, wato taurari masu wutsiya. Mafi yawan lokacin da aka ba su a ranar ya tafi ne a kan wata waƙa da kamfanin ya fi sa wa rai, Thirteen Women, a ɗan abin da ya rage suka rera Rock Around the Clock sau biyu, aka haɗa biyun aka manna ta a bayan faifai. Ta fito ba ta yi wata kasuwar kirki ba. Sai a watan Maris na 1955, da aka buɗe wani fim mai suna Blackboard Jungle da ita, fim ɗin kuwa labarin kangararrun 'yan makaranta ne, samari suka yi mata caa, a watan Yuli ta hau kan jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa na mujallar Billboard, ta yi mako 8 babu wadda ta ture ta. Daga nan masu tarihi da yawa ke fara ƙidayar zamanin kiɗan rok an rol.

Haƙiƙa kiɗan ba Haley ya ƙaga shi ba. Tushensa na wurin baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma, waɗanda suka riƙe tsarin jagora da amshi a gonakin auduga da majami'unsu. Shake, Rattle and Roll, wadda ta fara fito da Comets sosai a 1954, Big Joe Turner ne ya riga su rera ta, Haley ya tace kalmomin da ke da nauyi a cikinta ya kai ta kunnen fararen fata. Iyaye da limaman coci suka tashi haiƙan suna cewa fasadi ne, waɗansu garuruwan Ingila suka hana nuna fim ɗin da aka yi da sunan Rock Around the Clock a 1956, a birnin Balin na Jamus kuma samari suka farfasa zauren da Haley ya yi wasa a 1958. Mas'alar dai ita ce wadda aka tattauna a Sifawa, sai dai can babu wanda ya zauna ya rubuta wa ɗan'uwansa littafi.

Amma ga inda labarin ya shafe mu. Abin da masana kiɗa suka fi yabawa a faifan Rock Around the Clock shi ne wani ɗan gudu da aka yi da jita a tsakiyar waƙar, mai jitar kuwa, Danny Cedrone, ba ma cikakken ɗan ƙungiya ba ne, hayarsa aka yi na yini, aka ba shi dala 21. Ranar 17 ga Yuni 1954 ya faɗo daga matakalar bene ya mutu, shekara guda kafin waƙar ta cika duniya, bai taɓa sanin abin da yatsunsa suka yi ba. A 1955, ana tsakiyar kwasar kuɗi, mutum uku daga cikin Comets, Marshall Lytle mai ƙaton gogen nan da ake kafawa a ƙasa, da Joey Ambrose mai busa, da Dick Richards mai ganguna, da yake su albashi ake ba su ba kaso ba, suka nemi ƙari aka hana su, suka fice suka kafa tasu ƙungiya mai suna Jodimars. Haley ya ɗauki waɗansu, ya sake cin kasuwa da See You Later, Alligator a farkon 1956, sa'an nan Elvis Presley ya bayyana da ƙuruciyarsa, samarin da suka ɗaga Haley suka juya masa baya. Kafin 1960 ya zama tsohon yayi a ƙasarsa, sai yawon wasa a Turai da Meziko, har ya mutu a wani gari na jihar Tekzas ranar 9 ga Fabrairu 1981. Ubangidansa kasuwa ce, ita kuwa ba ta yi wa makaɗi ragon suna.

Shi kiɗan rok bai yi saiwa a ƙasar Sakkwato ba. Ya tsaya a barikin soja da otal-otal na Sabon Gari da ɗakunan 'yan sakandare, ko da yake irin su Bala Miller a Kaduna sun ɗauki kayan kiɗan Turawa sun yi waƙa da Hausa, Ikon Allah tasa kuma ta shiga gidaje. Jama'a dai waƙoƙin finafinan Indiya suka fi karkata gare su. Abin da ya iso mana ya kuma sāke sana'ar tun daga tushe shi ne na'urar da ta ɗaga Haley. Garmaho ya fara shigowa gidajen masu hali, BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, ƙaramar rediyo mai batir ta bazu har bukkar makiyayi, kamfanonin faifai irin su EMI suka ɗauki su Shata da Ɗan Maraya, kaset ya biyo baya, Sakkwato ma ta sami Rediyo Rima tata. Waƙar da da can sai wanda ya isa shiga zauren Sarkin Gobir ke jin ta daga bakin mai ita, yanzu manomi a Lambara yana jin ta a gindin rumbunsa, shirin Zaɓi Sonka kuma ya zama ma'aunin da ke nuna wadda jama'a suka fi bege.

Wajibi ne a yaba wa na'ura, don ba domin ita ba da muryar Narambaɗa, wanda ya rasu a farkon zamanin mulkin kai, ta bi shi kabari kamar yadda muryoyin waɗanda suka koya masa suka bi su. Amma ta zo da wata hasara da ba a lura da ita ba. A ƙofar fada kowa yana ganin mutum biyar ko shida a jere, ya san fuskar kowane, ya san garinsu da gidansu, ya san wane ne mai zaƙin murya da wanda hannunsa ya fi daɗi a kotso. A rediyo kuwa mai gabatarwa suna ɗaya yake faɗa, a bayan kaset hoto ɗaya ake bugawa, sauran muryoyin suka zama kamar ba na 'yan Adam masu iyaye ba. Da fiyano da kwamfuta suka shigo ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano daga shekarun 1990, sai ƙungiyar ma kanta ta zama ba dole ba, yaro ɗaya ya haɗa kiɗan mutum shida, a kira mai amshi a biya ta kuɗin yini ta tafi, wanda shi ne ainihin cinikin da aka yi da Cedrone.

In aka ce in yi hukunci tsakanin tsarin biyu, zan ce namu ya fi jinƙai ga mai rai, nasu ya fi kiyaye haƙƙin mamaci, don komai zaluncin kamfani yana da littafin da yake rubuta wanda ya zo aiki da ranar da ya zo da abin da aka ba shi. Da wannan littafi aka gyara kuskure daga baya. Amurkawa suna da wani zauren tunawa da gwanayen rok a birnin Cleveland. Sun shigar da Buddy Holly cikinsa a 1986, Haley a 1987, kowanne shi kaɗai ba tare da mutanensa ba, aka yi ta ƙorafi, har a 2012 aka shigar da Comets da Crickets, ƙungiyar Holly, da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har da Cedrone, bayan shekara 58 da mutuwarsa. Sun makara, amma da suka tashi biya sun sami sunan da za su biya.

Abin mamaki ne a ce mu ne aka bari a baya a wannan fage, mu da muka gāji al'ummar da ba ta karɓar hadisi sai da isnadi, almajiri kuma ba ya ganin karatunsa ya yi albarka sai ya san daga wa malaminsa ya karɓa. Malam Abdullahi da kansa ya wallafa Ida'un Nusuhi don kawai ya lissafa shaihunan da ya yi karatu a wurinsu, kada sunan ɗaya ya salwanta. Na san za a ce ina ilmin addini ina kotso, kuma gaskiya ne ba ɗaya suke ba, amma mayar da magana ga mai ita amana ce ko a wane fanni. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza da almajiransu sun yi ƙoƙari matuƙa wajen tattara tarihin manyan makaɗa, sun kuma ceto sunayen waɗansu daga cikin mutanensu, Allah ya saka musu da alheri. Abin da ya rage shi ne na ƙananan fadoji da na ƙauyuka, makaɗan hakimai da dagatai, da na noma da dambe da kokawa, waɗanda ba su taɓa shiga rediyo ba balle littafi.

Don haka ina kira ga malaman makarantun Boɗinga da Shagari da Yabo, da ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da samarin Lambara waɗanda kowannensu ke da wayar da ke ɗaukar murya a aljihunsa, su nemi dattawan da suka taɓa yin karɓi tun suna da sauran ƙarfin magana. A gaishe su yadda ya kamata, a tambaye su wa suka bi, su wa suka tsaya tare da su a jere, wa ya kawo wane ɗa a wace waƙa, yaya kuma ake rabo. A rubuta sunan kowa da na mahaifinsa da garinsu, a kai kwafi ɗaya Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, a bar ɗaya a hannun iyalansa.